Kukan da Aka Bar wa Kaka

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da cuta ya saukar da magani, bai kuma ce maganin ta ƙofa ɗaya zai shigo ba. Sai da furfura ta fito mini na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu a Haɗejiya. Wanda ya ga harafi ya karkace ya gyara a ransa, kada ya zo ya dame ni.

Jinyar 'yata ta fari zan faɗa. Ba zan rubuta sunanta ba. Ban taɓa kiran sa da baki ba, ba kuwa alƙalami ne zai sa ni ba. 'Yar Goggo nake ce mata, don ƙanwar ubanta ce ta ɗauke ta tun daga yaye, ta riƙe ta a Kaugama har ta aurar da ita.

Mu asalinmu masu shanu ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakana, kunya ce ta rage mana gado. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba, in ya mutu ba a ganin hawayenta. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi wa 'yar Goggo, haka ita ma ta yi wa nata. Ba gafarar kowa nake nema a kan wannan ba. So nake mata su san inda abin yake kai mutum in ba a lura ba.

A Guri aka kai ta, gidan wani masunci mai suna Gambo. Ta haifi namiji, aka sa masa Habu. Shekarar da damina ta gaza, kogi bai hau fadama ba, ƙyanda ta shiga garin ta ɗauke shi, lokacin bakinsa ya buɗe sosai, yana ta surutu. Na je gaisuwa. Na tarar da ita zaune tsaf, tana miƙa wa baƙi ruwa, idonta a bushe kamar ba ita ba. Matan gidan suna ta yabo, wai an ga 'yar gidan mutunci. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Ni ma ban yi kuka ba, don gidan surukai ne, kuma ni tun ina yarinya ba a san ni da kuka ba, da faɗa aka san ni. Aka yi sadakar uku na dawo gida na ci gaba da sayar da furata.

Damina ta sake zagayowa ta yi nisa, sai ga Gambo ya kawo ta a motar kifi. Ya tsuguna a zaure, kansa a ƙasa, ya ce ba ta ci, ba ta barci, ba ta magana. Kullum sai ta tafi bakin kogi ta zauna tana kallon ruwa, har an taɓa tsamo ta ruwa ya kai mata ƙirji. Yayansa Modu, wanda shi ne babba a gidan, ya ce iskar ruwa ce, kuma akwai malami can wajen Birniwa da ke tsare irinsu a mari har su natsu. Gambo ya roƙi a dakata har a gama girbi. In ba ta samu sauƙi ba a wurina, can za a kai ta.

Na ce masa, “Ka gaya wa Modu, muddin ina numfashi ƙarfe ba zai taɓa ƙafar nan ba.”

Baki ne kawai. Matarsu ce. Ubanta ya daɗe da rasuwa, Goggon da ta riƙe ta ma ta bi shi, ba ni da ɗa namiji a gida. In maza suka zo da mota ranar da suka sa, me zan tare su da shi, taɓarya?

Makon farko ta zauna a lungun ɗaki, bayanta jikin bango, gwiwoyinta a ƙirji. Kitsonta ya cukurkuɗe, ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ga abin da ba wanda ya gaya mini: yaya za ki yi jinyar wadda ba kya kiran sunanta, ba kya haɗa ido da ita? Sai dai in ajiye ƙwarya in ce wa bango, “Ga fura nan, in ana sha.” In lokaci ya yi in ce, “A tashi a yi salla.” Ita ma ba a hannuna ta girma ba, ba ta san tarina ba, ban san irin miyar da take so ba. Mu biyu a gida ɗaya, jini ɗaya, kamar baƙi biyu da ruwan sama ya tara a rumfa.

Kwanakin farko an zo dubiya. Da aka gane ciwon na kai ne, sai ƙafa ta ɗauke. Wadda muke rance gishiri ta kan danga ta daina leƙowa. Masu aiko yara sayen fura suka koma wani gida, wai a nawa akwai iska. Shawara kuwa ba ta yanke ba, sai dai daga nesa ake jefo ta, kamar ana jefa wa kare ƙashi. Wannan ta ce hayaƙi, waccan ta ce a yanka baƙar akuya a bakin ruwa, wata ta ce a kira masu garaya. Na yi hayaƙin har idona ya yi ja. Na je wurin malamin unguwarmu, dattijo ne mai tsoron Allah, ya yi mata rubutu bai tsawwala mini ba. Shi kaɗai ne abin da take sha ba sai an yi kokawa ba.

A mako na biyu akuyata ta tafi kasuwa. Lokacin an canja kuɗi ke nan, an bar fam da sule an koma naira da kwabo, kowa ya ga tsohuwa sai ya rikita mata lissafi. Bayan akuya, tasoshin aurena suka bi, ɗaya bayan ɗaya. Ba na kuka da wannan, don ranar irin haka ake ajiye su.

Mako na uku na kai ta asibiti. Wanda bai yi layin yankar kati ba bai san haƙuri ba. Tun sanyin safiya muke tsaye har rana ta take tsaka, na ƙulla gefen zanenta da nawa don kada ta sulale. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, sai da tafinta. Ya buɗe idonta, ya duba harshenta, aka ɗebi jini. Da muka koma ya ce bai ga komai a jininta ba, a ba ta maganin ƙarin jini, ta riƙa cin abinci sosai. Na ce wa tafinta ya tambaye shi, da tana ci zan kawo ta? Tafintan ya kalle ni ya kira na baya.

A makon ne na dawo daga kasuwa na tarar ɗaki wayam. Na fita ba ko mayafi. Can na same ta a bakin kogi, ƙasa da inda masu wanki suke shanya, ƙafafunta cikin ruwa. Na jawo ta muka ratso gari, mutane na darewa, ba wanda ya kama mini. Daga ranar, in zan fita sai in ɗaure ƙafarta da tsohon ɗankwali a jikin ƙafar gado. Ba ta ko ja. Ta miƙo ƙafar ma da kanta. Wannan miƙowar ta fi komai ci mini rai.

Zuwanmu asibiti na uku, wani ya shiga gabanmu a layi don yana da ɗan'uwa a ciki, na buɗe masa wuta. Ina cikin zazzaga sai wata ma'aikaciyar jinya ta fito, gajeriya, baƙa, da zane a kumatu irin na mutanen gabas. Na ɗauka korar mu za ta yi. Sai ta kalli 'yar Goggo, ta kalli ƙullin zanenmu, ta ce mu biyo ta. Sista Mairo ake ce mata. Ta zaunar da mu a gindin dogon yaro bayan ɗakin magani. Ba ta tambayi inda ke ciwo ba. Ta ce me ya faru kafin ta daina ci. Na ce ba abin da ya faru. Ta ce in dai sake tunawa. Na ce ɗanta dai ya rasu, amma an daɗe, kuma ko kuka ba ta yi ba.

“Na fari ne?”

“Na fari.”

“Ita ma ta fari ce a wurinki, Inna?”

Na ce wa ya gaya mata. Ta ce ba wanda ya gaya mata, tun da muka zauna ban kalli yarinyar ba ko sau ɗaya, kuma ban saki zanenta ba.

Akwai wani ɗan ɗaki da take ganin masu irin wannan ciwo in ta gama aikinta na yini. Ita ta roƙa aka ba ta, ba wanda ya sa ta. Ta je ta yi magana da likita da Turanci, ya rubuta wata ƙwaya. Ta tambaye ni me kuma ake ba ta a gida. Na ce babu, don na san halin ma'aikatan asibiti, su ji an ce rubutu su hau mutum da faɗa. Ta sunsuni mayafin yarinyar ta ce wannan hayaƙin kuwa a Makka aka yi mata shi? Na ce to, ana rubutu ma, sai me? Ta ce a ci gaba da rubutu da safe, ƙwaya in za a kwanta, hayaƙi ne kawai za a bari don yana cin ƙirji. Sannan ta faɗi abin da ya zauna mini har yau: “Ƙwayar nan barci za ta ba ta. Ba za ta ba ta kuka ba.”

Ban gane ba a lokacin. Na ɗauka kuka shi ne ciwo.

Bayan kwana kaɗan sai ga ta a gidana da la'asar, da lemarta. Ita ce mutum ta farko da ta tsallake zaurena tun da ƙafa ta ɗauke. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma, ta nemi a dama mata fura ta shanye. Ta ga ɗankwalin a ƙafar gado, ta kwance shi ta ninke ta miƙo mini. Ta ce in zan fita kasuwa in tafi da ita, ta zauna kusa da ƙwarya, masu kallo su kalla. Ta kawo damin kaba ta ajiye gaban 'yar Goggo, ta soma saƙar tabarma da gangan tana karkatawa, tana surutunta ita kaɗai. Can yarinyar ta miƙa hannu ta karɓe, ta warware ta sake. Sista ta ce hannun da ke aiki ba ya barin kai ya tafi da nisa. Daga gidana ta wuce wurin malamin, ta durƙusa ta gaishe shi, suka daɗe. Ranar Juma'a sai ga shi da kansa a ƙofar ɗaki, ya yi addu'a, ya ce wa yarinyar hawaye ba saɓo ba ne, Manzon Allah ma ya zubar ranar da ɗansa ya rasu.

Kada a ce na yabi komai. Ƙwayar nan ta wahalar da ita. Wuyanta ya sandare, yawu na zuba, tana tafiya kamar an ɗora mata tulu. Na je na sami Sista a gaban mutane na ce in kashe ta za su yi su gaya mini in tanadi likkafani. Na ƙara da cewa ita me ta sani, ta yi boko ta sa farar riga, ko haihuwa ta taɓa yi?

Ba ta yi fushi ba. Ta sa likita ya rage ƙwayar, da yamma ta zo gida, ta ce tunda na tambaya bari ta ba ni amsa.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Birniwa. Ubanta wanzami ne. Tana ƙarama uwarta ta haifi ƙaninta, kanta ya juye a cikin jego, aka kai ta gidan mari. Ita ce mai kai mata abinci. Ta ce har yanzu in ta rufe ido tana ganin gyambon da ƙarfe ya yi wa idon sawun uwar, da ƙudan da ke bin sa. Wata safiya ta kai kunu aka ce ta mayar. Da aka zo neman yara a kai makaranta, masu gata suka ɓoye nasu, aka tura marainiya. Ta yi karatun jinya a Kano, daga baya aka aika ta wani asibiti a Kudu inda ba a kulle masu taɓin hankali, a gidajen ƙauye ake saukar da su, kowa da ɗan'uwansa, suna noma suna shan magani, likita kuma ba ya jin kunyar zama da masu maganin gargajiya. Ta ce a can ta ga abin da ubanta ke yi tun tana yarinya: ba ya kafa wa mutum ƙaho sai sun sha hira, yana cewa rabin mugun jini ta baki yake fita. Aure kuwa ta yi, bai zauna ba, haihuwa Allah bai ba ta ba.

“Don haka ban haifa ba, Inna. Amma na kai kunu gidan mari. Ban raina likita ba, ban raina malam ba, ban raina wanzami ba. Wanda duk zai kama mini, ya kama.”

Na tashi na ƙara mata fura.

Makonni suka shuɗe. Barci ya samu. Tana cin loma biyu uku. Tabarma ta yi tsawo har ta kai ƙofa. Amma magana ko ɗaya, kuma in iska ta kaɗo daga wajen kogi sai ta ɗaga kai kamar an kira ta. Gero ya nuna a gona. Modu ya zo da kansa ya leƙa, ya gaishe ta ba ta amsa ba. Ya fito ya ce mini saƙar tabarma ba lafiya ba ce, mahaukata ma suna tsintar tsumma. Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, mace ba ta riƙe mai iska.” Na ce da namiji ya iya riƙe ta ai ba a kawo mini ita a motar kifi ba. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce da an ɗaure dami na ƙarshe za su zo.

Na gaya wa Sista. Ranar ta fito da ni zaure, ta ce abin da ƙwaya za ta yi ta yi, abin da allo zai yi ya yi, saura nawa. Ta ce in zauna gabanta, in kira sunanta, in rungume ta, in ce mata ta yi kukan ɗanta.

Na ce sai dai ta yanka ni. Na ce uwata ta mutu ba ta kira yayana ba, kuma ba wanda ya kai ta son sa. Ni ba zan tuɓe a tsakar kasuwa ba don wata mai farar riga ta ce magani ne. Ko na yi ma, yarinyar za ta ɗauka ni ce na haukace.

Na zaci za ta matsa. Ba ta matsa ba. Tana wasa da lemarta, sai ta ce to shi Habun fa, me ke tsakanina da shi.

Bakina ya riga ni. Na ce, “Wannan ai mijina ne, ragon miji.” Kowa ya san wasan kaka da jika. Namiji mijinki ne, ki zage shi ya zage ki, ki kira sunansa a tsakiyar kasuwa ba mai cewa don me.

“To wace irin mata ce ke, miji ya mutu ko ɗigon hawaye? Al'adar da ta ɗaure bakinta ba ta ɗaure naki ba, Inna. Ita an hana ta. Ke wa ya hana ki?”

Ta ce ba kururuwar ƙarya take so ba, yarinyar za ta gane. In dai yi zancensa inda za ta ji, ba sai na kalle ta ba. Na ce zancen banza ke nan, na shige gida na bar ta a zaure.

Na yi kwanaki ban yi ba. Ina ganin amalanke na wucewa da dammunan gero ta ƙofar gida. Wata la'asar ina kirɓa fura a tsakar gida, ita tana bayana a bakin ƙofa da kabarta, sai na ce bari in yi in huta da bakin Sista. Na soma yi wa turmi magana, murya a bushe kamar mai karanta wasiƙar wani. Na ce Habu ragon miji, ka tafi ba ka bar mini ko na cefane ba. Na ce kai da ka yi mini alkawarin giwan ruwa mai girman ƙofa, ina yake? Ka zo da Salla ka tsoma hannu har gwiwa a ƙwaryar cinikina, na ɗaga muciya ka ce za ka sake ni ka auri mai ƙosai. Ka cije ni a kunne. Ka yi barci a cinyata ka jiƙa mini sabon zane, ka tashi ka ce ni ce.

Ban san inda muryar ta karye ba. Na ga dai taɓarya ta gagare ni ɗagawa. Ashe yaron yana nan zaune a ƙirjina tun ranar gaisuwa, ban sani ba. Na durƙushe jikin turmi na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ubanta ya rasu, da majina da komai, har na ga kawuna ta kan danga. Ina yi ina zaginsa. Na ce matsoracin banza, kai da ko akuyata ka gani sai ka ruga bayan uwarka.

Sai na ji murya a bayana, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

“Ba ya tsoron akuya. Zakara yake tsoro.”

Ban juya ba. Na san in na juya ta rufe. Na ce wa turmi, ƙarya ne, akuya ce. Ta ce zakara ne, wani ja na gidan Modu, ya taɓa saran sa a goshi. Ta ce ranar da ƙurajen suka fito ya nemi ta goya shi, ga mutane cike da ɗaki, ta ce wa matar Modu ta ɗauke shi. Ta ce a bayan matar Modu ya cika. Daga nan maganar ta ƙare, abin da ya biyo baya ba magana ba ce. Na ja jiki da baya, da baya, har gadon bayana ya taɓa nata. Muka zauna haka, kowa na fuskantar nasa bangon, har aka kira magariba. Furar ranar kaji suka ci.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka an warke a yini ɗaya. Ta yi kwanaki tana kuka, ta ci abinci tana kuka, ta yi salla tana kuka, har na tsorata na ce mun fasa abin da ba za mu iya ɗinkewa ba. Sista ta ce in bar ta, ruwan da aka datse ne. Akwai ranakun da ta koma lungunta. Amma ta nemi a tsefe mata kai. Ta ce miyata ta cika kanwa. Wata rana muka bi ta bakin kogi daga kasuwa, ta tsaya, na kama gefen zanenta, sai ta ce kifin nan na masu kwale-kwale ƙanana ne, na Guri ya fi su. Muka wuce.

Da aka gama girbi Gambo ya zo, Modu na biye da shi. Ta fito ta durƙusa ta gaishe su, ta tambayi wa ke ba kajinta ruwa. Modu ya yi ta kallon ta, ya sha furarsa, bai ta da zancen Birniwa ba, ni ma don Allah na haɗiye abin da na tanadar masa. Daga baya na ji yana cewa rubutu ne ya yi aiki. Tafintan asibiti ya ce ƙwaya ce. Na tambayi Sista wanne ne a ciki. Ta ce ni da nake dama fura, gero ne ke ƙosarwa ko nono?

Godiyata ga Allah, sannan ga matar nan. Ƙorafina kuma ga waɗanda suka ɗauke ta. Ba a rufa shekara ba aka yi mata canjin wurin aiki, ba wanda ya gaya mini. Na je da tabarmar da 'yar Goggo ta saƙa mata, na tarar an cika ɗan ɗakin da kwalaye. Na tambayi wa ke ganin masu irin ciwon yanzu, aka ce in je in yanki kati. An ce kuɗi sun yi yawa a ƙasa, ana ta gine-gine, amma mutum ɗaya da zai zauna a tabarma ya tambayi me ya faru ya gagara. Maƙwabtana kuwa sun dawo sayen fura kamar ba su ba. Ina sayar musu. Ban manta ba.

Ga abin da zan gaya wa mata. In kuka ga an yi wa yarinya rasuwar ɗan fari tana zaune ido a bushe, kada ku yabe ta. Ku nemo kakar. In babu kaka, a samu goggo ko wata tsohuwa mai bakin wasa da yaron, ta zauna inda uwar za ta ji, ta kira sunansa. Kada a bar ƙarfe ya rigaya.

Ranar da za su koma Guri na raka su tasha. Gambo ya hau baya wurin kaya. Ita ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta tsaya, tana kallon taya, ta ce, “A riƙa yi wa mijin nan sadaka ran Juma'a. Ni a can ba zan iya ba.” Na ce wa direba ya bi a hankali, hanyar ba kyau. Motar ta tashi. Na dawo gida na tarar da guntayen kaba a bakin ƙofa, na share.

Ta haifi wasu tun daga nan, tana ƙwala musu kira har a ji a maƙwabta. In ta zo ganin gida muna zancen tsadar gero da ciwon ƙafata, ba ma zancen Habu. Gidan ni kaɗai ce a ciki. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci nakan fito da ƙwarya ƙofar zaure, yaran unguwa su taru. Ba na ba kowa sai ya faɗi sadakar wa ce. Su ce ta Habu ce. In ce ban ji ba. Su ɗaga murya, suna dariya, wai tsohuwa ta kurumce.

Kunnena ƙalau yake. So nake dai su maimaita.